Sharhi a kan Tarihin Zaɓen Jam'iyyar 'Yan Mazan Jiya ta Jihar New York

Littafin da J. Daniel Mahoney ya wallafa a 1968 a kan wannan ƙaramar jam'iyya ta Amurka, wadda shi da abokansa suka kafa a 1962, yana da rauni: mai gida ne ke ba da labarin gidansa. Ya kuma fito tun kafin James Buckley ya ci kujerar Majalisar Dattawa a 1970 da kimanin kashi 39 cikin ɗari, bayan abokan hamayyarsa biyu sun raba ƙuri'u. Duk da haka, manazarcin da ya auna jam'iyyar da yawan kujeru ya kauce. Dokar jihar ta yarda jam'iyyu su tsayar da mutum ɗaya tare, kuma da ƙuri'un wannan jam'iyya George Pataki ya kada Mario Cuomo a 1994.