Kayak a Tekun Aktik: Abin da Fim Ɗin Ya Nuna da Abin da Ya Rufe

A watan Yulin da ya wuce, lokacin da zafin Guangzhou yake sa mutum ya canza riga sau biyu kafin azahar, wani kamfanin yawon buɗe ido ya zo jami'armu ya nuna fim na minti arba'in. Tallar tafiya ce ta kwana goma zuwa tsibiran Svalbard da ke can arewacin Norway, inda jagora zai ɗauki mutane su zaga gaɓar teku a cikin kayak, wato ɗan ƙaramin kwale-kwale mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Wani abokin karatuna Basine ne ya ja ni, ni kuma na je saboda ɗakin taron akwai na'urar sanyaya iska.

Dole in ba fim ɗin haƙƙinsa. Akwai wurin da aka kashe kiɗa gaba ɗaya, ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga filafili, can sai ga wani ɓangare na tsaunin ƙanƙara ya tsage ya faɗa teku da ƙara kamar tsawa. Ɗakin ya yi tsit. Na kuma yaba wa jagoran, domin bai ɓoye haɗarin ba: ya nuna bindigar da yake rataye da ita saboda farar beyar, ya bayyana yadda ake yin gadi da dare bi da bi, ko da yake dare a can suna ne kawai, tunda daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ba ta faɗuwa a garin Longyearbyen. Na zauna ina tunanin yadda Musulmi zai lissafa lokutan sallarsa a irin wannan wuri.

To amma damuwata da fim ɗin ta fara ne daga maganar da mai sharhi ya yi ta maimaitawa, cewa wai wuri ne da hannun ɗan Adam bai taɓa ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Tun a 1596 Willem Barentsz ɗan Holan ya isa tsibiran, kuma a ƙarni na 17 Turawa suka kafa sansani a Smeerenburg suna kashe manyan kifayen wel suna tatsar mansu har suka kusa ƙarar da su. Shi kansa Longyearbyen sunan wani Ba'amurke ne, John Longyear, wanda ya buɗe haƙar kwal a wurin a 1906. Rashawa sun bar garin Pyramiden kango a 1998. Ƙasar Sin da muke zaune a cikinta ta shiga yarjejeniyar Svalbard a 1925, ta kuma buɗe tashar bincikenta a Ny-Ålesund a 2004. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai fito a fim ɗin ba, domin wanda zai biya kuɗi so yake ya ji kamar shi ne na farko.

Na san wannan kallon. Shi ne irin wanda masu ɗaukar hoto suka riƙa yi wa duwatsun Ayar da hamadar Tenere a lokacin da yawon buɗe ido yake ci a Agadas: rairayi, raƙumi ɗaya, faɗuwar rana, sai ka ce babu kasuwa, babu ayarin gishirin Bilma, babu malamai. A kawar da mutane daga hoton, sai wurin ya ƙara tsada.

Haka aka yi wa kwale-kwalen kansa. Kalmar kayak daga harshen Inuwit take, mutanen Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda suka ƙera shi da itace da ƙashi, suka lulluɓe shi da fatar dabbar sil, suna auna shi daidai da jikin mai shi. Kayan farauta ne, wanda idan mutum bai iya shi ba iyalinsa su kwana da yunwa, ko shi ya nutse. Svalbard ba ta da 'yan asali, wannan haka yake, amma minti arba'in ana yabon jirgi ba a ambaci masu shi ko sau ɗaya ba. A nan Guangzhou, duk wanda ya je kallon tseren kwale-kwalen dodo a ƙauyen Liede lokacin bikin Duanwu, ba zai tashi ba sai an ba shi labarin Qu Yuan. Mu ma ba za mu yarda a nuna kamun kifi na Argungu a manta da Kabawa ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarshen fim ɗin, inda aka ce mutum ya yi sauri ya je ya gani kafin ƙanƙarar ta narke. Narkewar gaskiya ce. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin Aktik yake ɗumama kusan ninki huɗu fiye da matsakaicin duniya, kuma a Yulin 2020 zafi ya kai digiri 21.7 a Longyearbyen. Sai dai mai tafiya daga Guangzhou zai hau jirgin sama zuwa Oslo, ya sake hawa wani zuwa Longyearbyen, ya shiga jirgin ruwa mai inji, sannan ya sauka ya tuƙa filafili na 'yan sa'o'i a kira shi mai son muhalli. Ciwon da ake kuka da shi aka mayar hajar sayarwa. Ita kanta Norway ta ga abin ya yi yawa: daga 1 ga Janairun 2025 ta taƙaita wuraren da masu yawon za su sauka a yankunan da aka kare zuwa 43, ta kuma hana jirgin da ya wuce fasinja 200 shiga cikinsu. Wannan ma mai sharhin bai faɗa ba.

Abokina ya tambaye ni ko zan je idan na samu hali. Na yi dariya, domin kuɗin ya fi na makarantata na shekara, kuma ko da yake Svalbard ba ta neman biza daga kowa, mai fasfon Nijeriya ko Nijar sai ya samu bizar Shengen kafin ya bi ta Norway. Amma akwai abu ɗaya a can da nake so in tsaya a ƙofarsa. A cikin wani dutse kusa da filin jirgin Longyearbyen akwai rumbun adana irin shuka na duniya da aka buɗe a 2008, kuma cikin akwatunan farko da suka isa akwai waɗanda cibiyar IITA ta Ibadan ta aika, ɗauke da wake da masara da gurjiya. Bayan 'yan shekaru ruwa ya shiga mashigar rumbun saboda ɗumi da ruwan sama, har sai da aka sake gyara ta. Da aka kunna fitila na tambayi wakiliyar kamfanin ko tafiyar tana bi ta wurin. Ta duba takardarta ta ce ana wucewa ta gefensa a mota, a hanyar zuwa otal.