«Baran»: leburorin da ba su cikin rajista

Fim ɗin «Baran» na Majid Majidi, wanda ya fito a 2001, babban ɓangarensa a kan wani bene da ake ginawa a Teheran yake gudana. Da yawa daga masu ɗaukar siminti a wurin ƴan gudun hijirar Afganistan ne, waɗanda yaƙi ya yi ta korowa tun shigar sojan Sobiyet ƙasarsu a 1979. Ba su da izinin aiki, ladansu bai kai na ƴan ƙasa ba, kuma da masu binciken hukuma sun ɓullo sai kowa ya nemi maɓoya.

Najaf ya faɗo ya karya ƙafa. Sai abokinsa Soltan ya kawo wani yaro, wai ɗan Najaf ne, ya tsaya masa wurin uban aiki don kada gidan ya kwana da yunwa. Yaron ya kasa ɗaukar buhu, aka ba shi dafa shayi, aikin Latif, saurayi ɗan ƙasa. Latif ya ƙullace shi, har ranar da ya gano budurwa ce.

Inda Majidi ya fi burgewa shi ne zancen kuɗi. Latif ya karɓo ladansa da ya daɗe yana tarawa, ya ba Soltan ya kai wa Najaf. Najaf, da karayarsa da yaransa, ya bar wa Soltan kuɗin, domin shi ma buƙatar komawa gida ta matsa masa. Mutanen da babu hukumar da ta san da zamansu, junansu ne asusunsu, kuma fim ɗin ya nuna haka ba da wa'azi ba. Wanda ya tuna cewa a 2025 an koro ƴan Afganistan fiye da miliyan ɗaya daga Iran zai ƙara jin nauyin wurin.

Sai dai akwai abin zargi. Da idon Latif ake ganin kome. Zumuncin baƙin daga bakin ƙofa ake leƙensa. Baran, wadda fim ɗin ya ci sunanta, ba ta furta kalma ko ɗaya ba. Ana iya cewa kunya ce da tsoron tonuwar asiri, amma ita ce ta ɗauki siminti, ita ce ta shiga ruwan sanyi tana jan duwatsu tare da mata, kuma ba a ji abin da take cewa game da ladanta ba. Ma'anar sunanta ruwan sama. Ranar tafiyarsu sawun takalminta kawai aka bar wa Latif cikin taɓo, ruwa yana cika shi.