Masu Kiwon Tsofaffin Taragu: Abin da Suka Ceto da Abin da Ya Kuɓuce Musu

A shekarar 1939 kamfanin da ke jigilar mutane tsakanin garuruwan Biddeford da Saco, a jihar Maine ta Amurka, ya ajiye taragunsa na lantarki ya koma bas. Wasu samari da suka saba hawa layin don sha'awa kawai suka haɗa dala 150 suka sayi tarago mai lamba 31, wani buɗaɗɗe marar bango da aka ƙera a 1900, mai dogayen bencina goma sha biyu. Suka ja abinsu zuwa wani fili kusa da Kennebunkport. Filin nan shi ne ya zama gidan tarihin Seashore, wanda yau ya tara ababen hawa sama da 250. A Ingila ma haka aka fara: a 1948 wasu masu irin wannan sha'awa suka biya fam goma suka karɓi tarago mai lamba 45 na birnin Southampton, yana nan har yanzu a gidan tarihin taragu na Crich. Daga waɗannan ƙananan cinikayya al'adar kiwon tsofaffin taragu ta samo asali, al'adar da ke da ƙungiyoyinta da mujallunta da malamanta, har da tatsuniyarta. Tatsuniyar ce ta fi jan hankalina, amma sai mun fara sanin abin da ake kiwon.

Taragon da ake magana ba ya jiran kan jirgi ya ja shi. Injinsa na lantarki yana ƙarƙashin daɓensa, layin dogonsa a shimfiɗe yake a tsakiyar titi, wuta kuma daga wata waya da aka rataye a sama yake shan ta, ta wata doguwar sanda mai 'yar ƙaramar taya a baki. Amurkawa suna ce masa trolley, mutanen Ingila tram. Kamfanin Siemens ya gwada taragon lantarki a gefen Berlin a 1881, amma Frank Sprague ne ya nuna abin zai ci kasuwa, lokacin da ya sa taragu suka hau tuddan birnin Richmond a 1888. Kafin nan dawaki da alfadarai ke jan taragu, ga ciyarwa, ga kashi a titi, ga annoba. Ba a yi shekara ashirin ba sai da kusan kowane birnin Amurka ya sallami dabbobinsa.

Wanda ya je Seashore ko makamancinsa zai ga yadda ake aikin. In tarago ya kai ƙarshen layi ba ya juyawa, don gaba da bayansa duk ɗaya ne. Kwandasta ya sauka, ya kama igiyar da ke ɗaure da sandar, ya janyo ta ƙasa, ya zagaya da ita ɗaya ɓangaren, ya daidaita 'yar tayar a kan waya. In ya kuskure sai ka ji tas, ka ga tartsatsi. Daga nan ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya yana tura majingininsu, su koma kallon inda aka fito. Direba kuwa ya zare hannayen tuƙinsa ya tafi da su wancan bakin. Wannan 'yar hidima ta minti biyu ita ce abin da littafi ba ya iya adanawa, kuma a nan dole a jinjina wa masu kiwon. Mafi yawansu 'yan sa-kai ne, tsofaffin makanikai da kafintoci da malaman makaranta, masu ɓata Asabar da Lahadi suna naɗa wayar injin da ya girmi ubanninsu, suna sassaƙa katakon da ba a sayar da irinsa a kasuwa.

Abin da suka fi yi wa kuka shi ne taragon tsakanin garuruwa. Ya fi na cikin gari girma da gudu. Yakan bi titi a hankali har ya fita gari, sannan ya miƙe a gefen gonaki. Jirgin ƙasa na zuwa ƙauye sau ɗaya ko biyu a yini, shi kuwa wannan yana wucewa kusan kowace awa, yana tsayawa a bakin gonar mutum in ya ɗaga hannu. Matar manomi ta kai ƙwai da madara birni da safe, ta dawo ta ɗora tukunyar dare. A 1916 tsawon irin waɗannan layuka a Amurka ya haura mil 15,500, jihohin Ohio da Indiana ne kan gaba. A Los Angeles kamfanin Pacific Electric na Henry Huntington ya shimfiɗa sama da mil dubu, da jajayen taragunsa. A 1930 wani kamfani a Ohio har tsere ya shirya tsakanin sabon taragonsa da jirgin sama, don a san yana raye. Bai ga ƙarshen shekarun 1930 ba. Jan tarago na ƙarshe ya je Long Beach a watan Afrilun 1961, kuma akwai wani hoto da kowane mai wannan sha'awa ya sani: jajayen taragu an jibge su kan juna a filin 'yan gwangwan, kamar buhunan hatsi a sito.

To wa ya kashe su? A nan tatsuniyar take shigowa. Amsar da ta fi yawo ita ce kamfanin motoci na General Motors ya haɗa baki da masu taya da masu man fetur, suka saye layukan suka tumɓuke. Biri ya yi kama da mutum, don akwai kamfanin National City Lines wanda General Motors da Firestone da Standard Oil na California da wasu suka zuba wa jari, ya sayi layuka a birane da dama ya mayar da su bas. A 1949 kotu ta same su da laifin haɗa baki don su mallake cinikin sayar wa kamfanin bas-bas da kayan aiki. Tarar da aka ci kowane kamfani dala 5,000 ce, manyan jami'ansu kuwa dala ɗaya-ɗaya. Wani lauya, Bradford Snell, ya sake ta da maganar a gaban majalisar dattawa a 1974, fim ɗin Who Framed Roger Rabbit na 1988 kuma ya kai ta kunnen yara.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Layukan tsakanin garuruwa galibi sun riga sun mutu kafin a kafa National City Lines a 1936. George Hilton da John Due, waɗanda suka rubuta tarihinsu a 1960, sun nuna cewa ko a lokacin ganiyarsu da ƙyar suke mayar da kuɗin da aka zuba. Shi kansa Huntington ba daga kuɗin fasinja ya yi arziki ba; filaye yake saye a bayan gari, ya kai musu layi, ya sayar da tsada, in filin ya ƙare layin ya zama kaya. Na cikin gari kuma yarjejeniyarsu da hukumomi ta ɗaure su a kan senti biyar kuɗin shiga, yaƙin duniya na ɗaya ya zo ya ninka farashin komai, senti biyar na nan daram. Da yawa dole ne su gyara kwaltar da ke kewaye da dogonsu, wato suna shimfiɗa wa motar da za ta kashe su hanya da kuɗinsu. A 1914 'yan kabu-kabu suka ɓulla da motocin Ford, suna riga tarago isa inda fasinja ke jira suna kwashewa. Sannan mota ta cika titi, tarago ya maƙale a cunkoso, ba shi da halin kaucewa. General Motors ya tarar da majinyaci ne yana shure-shure, ya taya shi ƙarasawa, ya kuma ci gado.

Dalilin da ya sa tatsuniyar ta fi gaskiyar farin jini ba boyayye ba ne. Tana da mugu guda, tana kuma wanke kowa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma mai tuna baran ba ya son a ce masa kakansa ne ya guji tarago da ƙafarsa ranar da ya sayi mota. Jaridun wancan zamani cike suke da tsinuwa ga masu kamfanonin taragu, saboda cunkoso da haɗari da cin hanci. Wannan ƙiyayya ba ta da gurbi a gidan da komai ke ƙyalli da sabon fenti. Haka ma wariyar launin fata. A New Orleans a da akwai wani ɗan allon katako mai ƙafa biyu da ake soka wa a ramukan da ke bayan kujera. Farar fata na iya cire shi ya matsar da shi baya, duk baƙin da ke gaban allon sai ya tashi. Sai a 1958 aka cire shi. Tsakanin 1900 da 1906 baƙaƙen fata sun ƙaurace wa taragu a birane sama da ashirin na kudancin Amurka, rabin ƙarni kafin Rosa Parks ta ƙi tashi wa farar fata a kujerar bas. Gidan tarihin da ya goge tagullar tarago ya bar wannan allo a ma'ajiya, rabin labari ya ba ka.

Akwai kuma matsalar ado. A San Francisco, layin F da aka buɗe a 1995 yana aiki da taragun PCC, samfurin da shugabannin kamfanonin taragu suka haɗu suka tsara don su yi gasa da mota, wanda ya fara aiki a Brooklyn a 1936: roba a cikin tayoyin ƙarfe don rage ƙara, tashi sumul, tuƙi da ƙafa. Da yawansu daga Philadelphia aka sayo su, aka shafa musu launin biranen da ba su taɓa takawa ba. Masu tsattsauran ra'ayi na ganin wannan aron riga ne. Ni ban ga laifinsa sosai ba, musamman in aka kwatanta da bas ɗin da ake yi wa kwalliyar katako da ƙararrawa a kira shi tarago don 'yan yawon buɗe ido. Samfurin PCC dai ya fi rayuwa a wajen gidansu: Amurka da Kanada sun samu kimanin 5,000, amma kamfanin Tatra na Cakosulobakiya ya ɗauki fasahar ya ƙera kusan 14,000 na samfurin T3 kaɗai, tsofaffin na Toronto kuma suka ƙarasa rayuwarsu a Iskandariyya, na Los Angeles a Alkahira. Legas ma ta taɓa yin nata layin tarago, mai aiki da tururi, wanda aka buɗe a 1902. Bai daɗe yana ɗaukar fasinja ba, sai dai ya ci gaba da kwasar bahaya da dare har 1933.

A ganina taragun da aka fi adanawa da gaske su ne waɗanda ba a taɓa sallama ba. Koraye na layin St. Charles a New Orleans tun 1923 da 1924 suke aiki, kuma makanikan birnin da hannunsu suke ƙera kayan gyaransu. Na Milan a Italiya, 'yan 1928, har yau suna kai ma'aikata ofis a kan bencin katako. A Mattapan da ke Boston, taragun PCC na tsakiyar shekarun 1940 ne motar zuwa aikin talakan unguwa. A waɗannan wurare akwai jadawali, akwai fasinja mai ƙorafi in an makara, akwai yaron da ke koyon gyara a hannun maigidansa don a nan abincinsa yake. Gidan tarihi ya ceci gangar jikin tarago, kuma ba don shi ba da mai lamba 31 ya daɗe da zama tukunya. Amma mai son sanin abin da tarago ya kasance a rayuwar birni, ya bar filin Kennebunkport ya je ya bi layi a St. Charles da ƙarfe bakwai na safe, da kuɗin motarsa a hannu.