Ƙaryar da ta Haifi Yaƙi: Tarken Littafin Le Lotus bleu na Hergé

A wannan maƙala za mu dubi yadda adabi ya tunkari wata tsohuwar dabarar masu mulki, wato ƙirƙiro dalilin yaƙi a asirce, sannan a ɗora laifin a kan wanda ake son a ci da yaƙi. Littafin da muka zaɓa shi ne Le Lotus bleu, labari cikin zane na Hergé, ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya fito a jarida daga 1934 zuwa 1935, aka kuma buga shi littafi a 1936.

Tubalin ginin labarin tarihi ne. Ranar 18 ga Satumba 1931 wasu hafsoshin sojan Japan, ciki har da Itagaki Seishiro da Ishiwara Kanji, suka sa aka fasa nakiya a layin dogo kusa da birnin Mukden a yankin Manchuriya na ƙasar Sin. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma aka ce sojan Sin ne suka yi, aka kuma fake da haka aka mamaye yankin.

Gwanintar marubucin ta fito ne a abin da ya zaɓa ya nuna. Tauraron labarin, Tintin, ya ga yadda wani ɗan leƙen asirin Japan, Mitsuhirato, ya dasa nakiyar. Fashewar kanta ba ta ci wuri ba. Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar littafin: rahoto ya tashi daga wayar tarho zuwa rediyo, daga rediyo zuwa bakin masu jawabi, yana kumbura a kowane zango, har ƴar ƙaramar ɓarna ta zama cin mutuncin ƙasa. A ganinmu jigon ke nan: nakiya ta fasa ƙarfe kawai, harshe ne ya tura sojoji.

Sai dai littafin bai kuɓuta daga rauni ba. Na farko, ya tattara makircin a wuyan mugu guda mai fataucin ƙwaya, alhali a zahiri hafsoshi masu galoli ne suka ƙulla shi, gwamnatin Tokyo kuma ta rungumi sakamakon. Na biyu, yadda aka zana Japanawa da mummunar kama ya mai da laifin hukuma tamkar ɗabi'ar al'umma, wanda shi ma wani nau'in ƙarya ne.

Rauni na uku ya fi nauyi. A ƙarshen labarin asiri ya tonu, mugu ya halaka kansa, mai karatu ya rufe littafi da natsuwar cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tarihi bai yarda ba. Kwamitin Lytton ya ƙi amincewa da hujjar Japan a 1932, Japan ta fice daga Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe, magabaciyar Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1933, amma Manchuriya ta zauna a hannunta har 1945. Wannan ƙarya ta yi 'ya'ya, ta yi jikoki.

Saboda haka muna jan hankalin ɗalibanmu masu sha'awar ƙaga labari a kan yaƙi da su koyi bin sawun rahoto daga Hergé, amma su guji sassaucinsa. Tonuwar asiri ba ta dawo da wanda aka binne.