Mutuwa A Bakin Mawaƙa Biyu

'Yan makaranta, duk wanda ya ji makaho yana rera Imfiraji ta Aliyu Namangi a kasuwar Kafur ya san yadda murya guda, ba kiɗa, take cusa tsoron kabari. To, a 1727 wani Bajamushe, Bach, ya tsara wa majami'ar Laifzig waƙar tsoho Saminu mai jiran ajali. Namiji ɗaya ke rerawa, masu goge da mai wata algaita mai taushi suna raka shi. Shi ya mai da mutuwa barci, sai ka ce uwa na lallashin jariri. Mun yaba masa, don kiɗansa bai danne magana ba. Amma daɗin kan mantar da mutum guzurin lahira, Namangi kuwa tunatarwa yake. Mai hankali ya saurari duka biyu.