Haruffan Ado Masu Manyan Baƙaƙe Zalla: Sharhi daga Kwoi

A garin Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba, yawancin ɗalibai sun tashi ne da harshen Hyam, Hausa kuwa harshe na biyu ce gare su. Allunan shaguna da fastocin tarurruka, daga Kwoi har Kafanchan, su ne rubutun da idonsu ke fara sabawa da shi, kuma galibinsu da manyan baƙaƙe zalla ake buga su.

Wannan salo ba sabo ba ne. Samfurin Trajan, wanda Carol Twombly ta zana wa kamfanin Adobe a 1989, ya samo asali daga rubutun ginshiƙin Sarki Trajan na birnin Rum, na shekarar 113 Miladiyya, zamanin da ba a san ƙananan baƙaƙe ba. Babu ja, irin waɗannan haruffa suna da kwarjini, ana kuma hango su daga nesa.

Illar ita ce da yawansu ba su da Ɓ da Ɗ da Ƙ. Idan kwamfuta ta rasa harafi, sai ta aro shi daga wani samfuri ko ta saka akwati a gurbinsa. Don gudun muni, mai bugu kan cire lanƙwasar, sai ƘASA ta koma KASA, ƁARI ya zama BARI, ƘAFA ta zama KAFA. Bahaushe zai gane daga muhallin magana. Ɗalibin da har yanzu kunnensa bai rarrabe k da ƙ ba kuwa, kuskuren zai riƙe.

Ba wai ba a taɓa yin yunƙuri ba. A tsakiyar shekarun 1980, Victor Manfredi da Edward Oguejofor, da gudummawar Hermann Zapf, sun zana haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya. Sai dai an yi su ne domin rubutun littafi, kanu da alluna suka rage a hannun samfuran ƙetare.

Akwai kuma giɓin kalmomi. Malamai suna da “babban baƙi” da “ƙaramin baƙi”, amma wasu na cewa “lanƙwasa”, wasu “ƙugiya”.

Saboda haka, ana ba da shawarar kada a amince da littafin makaranta sai bangonsa da kanunsa sun nuna Ɓ, Ɗ da Ƙ daidai, sannan a tsayar da suna guda a manhaja.