Gwanintar 'yan baya

A gidajen kallon ƙwallo na Malumfashi da Funtua, ihu na wanda ya zura ƙwallo ne. Wanda ya hana a zura kuwa, sai ranar da ya yi kuskure ake kiran sunansa. Ni kam aikinsa ya fi burge ni, domin rabinsa yakan ƙare tun ƙwallo ba ta iso gare shi ba.

Gwanin ɗan baya ba ya gaggawar kai ƙafa. Idan ɗan gaba ya taho a guje, sai ya karkata jiki, ya ɗan rusuna, yana ja da baya, idonsa a kan ƙwallo, bai kula da rawar ƙafar mai ita ba. Ya toshe masa tsakiya, ya sakar masa gefen layi, inda ko ya wuce ba raga zai fuskanta ba. Ɗan jinkirin nan ya ishi abokansa su dawo. Zamiyar da 'yan kallo ke tafa wa, sau da yawa an makara ne aka yi ta.

Mafi wuya shi ne mutum huɗu su motsa tare. In ɗaya ya fita tarar mai ƙwallo, na kusa ya rufe bayansa. In za a kama ɗan gaba da satar gida, dole kowa ya tako gaba lokaci guda. Ɗaya ya yi nauyin ƙafa, tarkon ya tashi a banza. Shi ya sa rauni ke yi wa baya mummunar ɓarna. Manomi ya san wannan: idan ɗaya daga cikin shanun huɗa ya gurgunce, ko an kawo wanda ya fi shi ƙarfi, kunya ba za ta miƙe ba sai sun saba tafiya tare. Liverpool ta ɗanɗana. Virgil van Dijk ya ji rauni a gwiwa a Oktoban 2020, Gomez da Matip suka bi shi, aka janyo 'yan tsakiya suna cike gurbi, tsakiyar ma ta rushe. Ƙungiyar da ke riƙe da kofin gasar lig ta Ingila ta sha kashi sau 6 a jere a gidanta.

Nan ne ake gane koci. A gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2024, José Peseiro ya jera Troost-Ekong da Ajayi da Bassey a tsakiyar baya, Zaidu Sanusi ɗan Jega yana hawa da sauka a hagu, Najeriya ta yi wasa 4 a jere ba a taɓa ragarta ba.

Amma wanda na fi jinjina wa shi ne marigayi Stephen Keshi, wanda shi kansa ɗan baya ne, kyaftin ɗin Najeriya da ya ɗaga kofin Afirka na 1994. A gasar 2013, a Afirka ta Kudu, yana kocin Najeriya, wasan farko bai yi masa daɗi ba: an kori Efe Ambrose, Burkina Faso ta farke ana dab da tashi, kyaftin Joseph Yobo ya samu rauni. Keshi ya haɗa Kenneth Omeruo, yaro ɗan shekara 19, da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars, mai buga gasar cikin gida. Da ya ga ƙafarsu ta zo ɗaya, bai sake raba su ba, Yobo da duk shekarunsa a Everton ya zauna a benci. Wannan shawara tana son ƙarfin zuciya, domin da an yi rashin nasara, da ita za a fara jifansa.

Yaran nan biyu suka tare Didier Drogba, aka fitar da Kwaddibuwa da ci 2 da 1. Ƙwallo 4 kacal aka zura wa Najeriya a wasa 6. A wasan ƙarshe, ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, bayan Sunday Mba ya ci, Elderson Echiejile ya ji ciwo ya fita, Juwon Oshaniwa ya karɓi hagu, layin bai karye ba. Harbi mai hatsari da Wilfried Sanou na Burkina Faso ya samu, mai tsaron gida Vincent Enyeama ya kawar da shi da yatsu. Yobo ya shigo saura mintoci kaɗan, aka ƙara mutum a baya, aka tashi 1 da nema.